Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fadar Maradi da malamanmu da alhazan gari: laifin zamani ba na yara ba ne su kaɗai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe Sarkin Katsinan Maradi, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da yawan rai. Ina gaida Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durbi, da Iya, da dukkan masu unguwanni. Allah ya gafarta malamanmu na kowane ɓangare, na zawiyya da na Izala, ban ware kowa ba. Iyayenmu alhazai masu riƙe da kasuwa kuma ina muku sannu da hidima.

Ni talakanku ne, ɗan shago gare ni na kayan moto, a bakinsa 'yan kabu-kabu ke wuni, da dare kuma ina zama cikin dattawa bayan isha'i, to kunnena ɗaya na wajen yara ɗaya na wajenku. In maganar ta yi kaushi a yi mini afuwa tun yanzu, ba raini ba ne, kawai dai abin ya daɗe yana cina.

Duk inda aka zauna yanzu, wajen suna ne ko ɗaurin aure ko zaman makoki ko huɗubar Juma'a, magana ɗaya ce: yaran yanzu sun lalace. Ba gaisuwa, ba kunya, sai salula da TikTok da askin banza da tramol, yaro ya wuce ubansa bisa moto bai ko rage gudu ba, yarinya ta kalli uwarta cikin ido ta maida mata magana. Ban ce ƙarya kuke ba, ina ganin abin da ya fi haka ma. Abin da nake cewa shi ne kuna fara labarin daga tsakiya, kuna faɗin abin da yaran suka zama amma ba ku faɗin abin da ya ɓace daga hannunku ku manya kafin su zama hakan.

Ku tuna mini yadda gida yake a da, ku kuka fi ni sani. Maigida shi ke da gona, shi ke da rumbu, ba a ɗebo damin hatsi sai da izininsa. 'Ya'yansa maza su yi masa aikin gandu, ya yanka wa kowa ɗan gamana, wato ƙaramar gonar kansa, ya noma na aljihunsa, matan gida ma kowace da nata. Shi kuma uban shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji na kowa, shi ke yi wa ɗansa auren fari tun daga sadaki har ɗakin da za a kai amarya, in ya mutu kuma ɗan ya san akwai gonar da za ta zo hannunsa. To yaro ya ƙi durƙusawa ya ci me? Ladabin nan da kuke kewa gaskiya ne akwai tarbiyya da tsoron Allah a ciki, amma akwai hatsi a ciki, akwai gona, akwai aure. Ba na jin daɗin faɗin haka amma haka ne.

Yanzu ina gonar? Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi, birnin kansa sama da dubu 267, kuma binciken lafiya na wannan shekara ya nuna mace a jiharmu tana haihuwar 'ya'ya fiye da 8 a tsakaice, muna cikin na sama a ƙasar Nijar. Allah ya raya mana su, ɗiya arziki ne, ban zo yin gardama a kan wannan ba. Amma gona ba ta ƙaru ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba wa 'ya'ya bakwai, su ma sun raba wa nasu, yau a kudancin jihar, wajen Madarunfa da Gidan Rumji da Agye, akwai magidanci mai mata biyu da ɗiya goma sha wanda abin da ya gada bai kai hekta ɗaya ba, hatsinsa ba ya kai shi wata huɗu. Ba a barin gona ta huta don ba inda za a koma, dajin da ake sassabewa ya ƙare, har burtali da makiyaya an cinye, kuma kun san abin da wannan ya jawo a Toda a 1991 da aka kashe Fulani sama da ɗari, yawanci mata da yara, Allah ya kiyaye gaba. Ko fadamar gulbi ba kamar da take ba tun da aka gina dam ɗin Jibiya ruwan ya ragu.

Sannan ɗan abin da ya rage ɗin ma ina yake tafiya? Shekara ta yi muni, talaka ya jinginar da gona, bai iya fansa ba ya sayar, wa ke saye? Alhajin birni da babban ma'aikaci. Wanda ya sayar ya koma ɗan barema cikin gonar ubansa. Yunwar 2005 da aka cika cibiyoyin tamowa da yaranmu har duniya ta zo tana ɗaukar hoto, ba don babu hatsi a kasuwar Maradi ba ne, akwai shi, kuɗin tiya, kwanon awo, ne suka fi ƙarfin talaka, kuma gonaki da bisashe da yawa a shekarar suka canza hannu. To uban da ba shi da rumbu, ba shi da gonar da zai bar wa ɗa, bai iya yi masa aure, da wane ƙarfi zai riƙe shi? Yana da haƙƙin uba har gobe, addini ya ba shi, amma igiyar ta tsinke daga hannunsa kuma ba yaron ya tsinka ta ba.

Allah ya gafarta malam, a nan ina da magana da ku. Da gona ta yi kaɗan, waɗanda aka fara turewa mata ne. A ƙauyuka da yawa na kudu an wayi gari mata sun daina zuwa gona, aka ce kulle ne, aka ce addini ne, alhali ita wannan matar tana zuwa rijiya tana zuwa itace tana zuwa biki garin da ya fi gonar nisa, gonar ce kawai aka kulle mata don babu gamanan da za a ba ta. Kakanninmu mata sun yi noma, sun tara awaki, jar akuyar Maradi da ake alfahari da ita har ƙasashen waje ai dukiyar mata ce. Yau yarinya ta tashi ba ta iya riƙe hauya ba, ba ta yi lakwal, wato boko, ba, ba ta da sana'a sai talla, an sake ta ta dawo gida hannu rabbana. Kuma in an zo rabon gado sai 'yan'uwa maza su ce gona ba ta rabuwa, su ba ta 'yan kuɗi ko su ce tana cin arziki a wajensu. Ayar gado a bayyane take cikin Suratun Nisa'i, ku kuka karantar da mu. Na ji wa'azi ba iyaka a kan tsawon hijabi da faɗinsa, ina roƙon ku da girman Allah a riƙa yin ko rabin haka a kan gonar marainiya da ta bazawara da 'yan'uwansu suka danne.

Wani abin da ke ba ni mamaki, garin ga namu ai shi kansa sauyi ne ya haife shi. Ranka ya daɗe, kakanninka ba nan suke ba, jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina, Ɗan Kasawa ya zo ya kafa sarauta a nan, Gobirawa suka kafa tasu a Tsibiri. Tsohon garin ma cikin fadama yake, ambaliyar gulbi ta 1945 ta cinye shi, Nasara ya hau da mutane bisa tudu ya yanka tituna a miƙe, shi ya sa Maradi take layi-layi. Sai gyaɗa ta zo, kamfanonin Turawa da kantunansu, daga baya kamfanin sayen gyaɗa na SONARA a 1962, kowa ya noma gyaɗa ya ga kuɗi a hannu, nan gandu ya fara tsagewa tun kafin a haifi mai salula, don saurayi ya gane zai iya samun kuɗinsa ba ta hannun uba ba. Fari na 1973 da 1974 ya kashe gyaɗar, alhazai suka juya ga tiransit, taba da atamfa da shinkafa daga Kwatano da Lome a tsallaka da su Nijeriya, aka yi kuɗin da ba a taɓa gani ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya girgiza gidaje, kuma na tabbata dattawan wancan lokaci sun ce yaran zamani sun lalace, yaran nan kuwa ku ne iyayenmu.

To alhazai, bari in tsaya a kanku kaɗan don nan ne abin ya fi mini ciwo. Yawancin manyan da suka yi suna a garin nan ba su gaji komai ba. Yaro ya zo daga ƙauye da riga ɗaya, ya shiga barantaka wajen wani alhaji, ya yi dako, ya yi awo, ya bi mota zuwa Kano da Katsina, ya kwana bakin sito, in ubangida ya ga amanarsa sai ya yi masa aure, ya ba shi jari ko ya ba shi kaya bashi, ya ce je ka nemi naka, wani ma har kujerar Makka. Shi ma in ya tashi ya ɗauko wasu. A lokacin ba a auna alhaji da yawan kuɗi kawai, ana auna shi da arzikin mutane, wato mutum nawa ya tayar. Wannan ita ce makarantar Maradi ta gaske, ta fi kowace lakwal fitar da mutane.

Yau fa? Yau yaron shago sai ya shekara goma sha biyar yana buɗe shago yana rufewa, gemu ya fito har ya fara fari, ba albashi tsayayye ba ranar sallama, in ya yi maganar aure a ce ya yi haƙuri kasuwa ba daɗi, alhali a wannan watan aka tura ɗan alhaji karatu Turkiyya ko Maroko, aka yi odar sabuwar mota. Dukiya ta koma tana zagaye cikin gida ɗaya, ɗan alhaji ya auri ɗiyar alhaji, oda daga Dubai da Chaina ta salula ake yi ba a bukatar yara ashirin masu bin hanya. Na san za ku ce yaran yanzu ba amana, ka ba yaro jari ya gudu da shi, kuma akwai gaskiya ciki, ni ma an taɓa yi mini. Amma ku tambayi kanku wanne ya riga wanne. Yaron da ya ga wanda ya riga shi shiga gidan ya tsufa bai samu komai ba, me zai sa ya jira? Sai ya ɗauki nasa tun da wuri ta hanyar da ba ta dace ba, ko ya bar muku shagon ya karɓi moto haya, kullum ya kawo balas, in ya faɗi ya karye shi ya sani. Tramol ɗin da kuke zagi, da yawansu a kan moton nan suka fara shi, da wajen dako da tura baro, don jiki ya ɗauki abin da ba zai iya ɗauka ba. Kuma dan Allah, kwalin tramol ɗin ba ɗan kabu-kabu ke shigo da shi ƙasa ba, ba shi da jarin.

Ga kuma iyaka. Mu Maradi da Nijeriya muke numfashi, daga nan zuwa Ɗan Isa tafiyar ƙasa da awa ce, Katsina ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. Duk ranar da aka rufe bodar nan sai an rushe rayuwar dubban mutane da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. An rufe a 1984 ta haɗu da fari, har yunwar shekarar ake ce mata El Buhari, da sunan shugaban Nijeriya na lokacin. An karya darajar sefa a Janairun 1994. An sake rufewa a Agustan 2019 sai ƙarshen 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta saka takunkumi, aka rufe, aka yanke mana wuta, sai a 2024 aka sassauta. Ban shiga siyasar wa ke da gaskiya ba, ba ita ta kawo ni ba. Abin da na gani shi ne duk rufewa sai 'yan dako da direbobi da 'yan kamasho da masu abinci bakin tasha su zauna ba aiki, masu ƙarfin hali su koma bin daji da buhun shinkafa ko jarkar fetur bisa moto, yaro ɗan shekara sha bakwai ya koyi cewa doka abin zagayewa ce kuma kowane shinge da farashinsa. Wannan darasin ba a TikTok ya koye shi ba.

Sai naira ta faɗi. Da, saurayi in an gama girbi ya tafi cin rani Kano ko Legas ko Abuja, ya yi ga-ruwa ko shayi ko gadi, damina ta kusa ya dawo da kuɗin taki da atamfar uwa. Yanzu in ya canza abin da ya tara zuwa sefa sai ya ga wahalar banza ya sha. To sai aka juya arewa, Agadas, Libiya, Aljeriya, da wuraren zinariya tun da aka gano ta Jado a 2014. Wannan ba cin rani ba ne, wanda ya tafi sai shekara biyu uku, wani ba a sake jin labarinsa. Ya bar amarya wajen iyayensa, ita ba mai aure ba ita ba bazawara ba, aure ya koma saƙon murya ta WhatsApp, yaro ya yi wayo bai san ubansa ba sai a hoto. Wanda Allah ya taimaka kuma yana aiko kuɗi ta Nita ko Amana, to shi ne maigida yanzu ko yana ɗan shekara ashirin da biyu, shi za a kira a tambaya kafin a sayar da akuya, kafin a ba da ƙanwarsa aure. Uban na zaune bisa tabarma yana jiran a ce an turo. Ku gaya mini yadda za a yi girma ya tsaya inda yake a da cikin irin wannan gida.

Ban ma taɓo 'yan bindiga ba. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke kwararowa gudun hijira yankin Gidan Rumji, namu na bakin iyaka su ma ana sace su ana kore musu shanu, wanda ya biya kuɗin fansa ya sayar da gona da bisashe ya dawo birni ya raɓe a kangon wani. Yawan bara da yara masu yawo da kuke gani a tituna, wani ɓangarensa daga nan yake.

Lakwal kuwa a taƙaice: mun ce wa yara ku yi karatu ku zama mutane, sun yi, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo nan cikin gari tana yaye su duk shekara, sun fito da dipulom ba aiki, mai sa'a ya samu koyarwa ta kwantiragi. Ƙaninsa na kallo, ya ga wanda ya bar aji ya tafi zinariya ya riga yayan nasa gina ɗaki. Wa zai bi?

Yanzu aure, wanda shi ne ya haɗa duk abubuwan nan wuri ɗaya. Saurayi ya kai talatin bai yi aure ba ku ce ya fi son shashanci. Ku zauna ku lissafa abin da ake nema wajensa, kuɗin gaisuwa, sadaki, akwatunan lefe da ake buɗewa gaban mata ana ƙirga turame ana ɗauka a salula, salular amarya ita ma sai mai tsada, hayar gida don amaryar yanzu ba ta zama ɗaki cikin gidan surukai. Can ɓangaren uwar amarya kuma gado da formika da kujeru da firiji da gara, ta ci bashi ta sayar da awakinta ta shiga adashe uku don kada kishiya ko maƙwabciya ta yi mata dariya, sannan anko kala biyu kala uku. Wa ya ƙirƙiro wannan? Ba 'yan fadar shayi ba ne. Daga manyan gidaje yake saukowa, alhaji ya aurar da ɗiya a yi sati ana shagali, mai ƙaramin ƙarfi ya ce shi ma ba za a raina shi ba. Sakamakon shi ne samari na zaune ba aure, 'yan mata kuma ana ba da su ga wanda ya iya biya, sau da yawa sa'an ubansu, a matsayin ta biyu ko ta uku. Binciken 2012 ɗin nan ya nuna kusan 9 cikin 10 na 'yan matan jihar Maradi ana musu aure kafin shekara 18. Na san maganar nan tana da zafi, na san da yawanku na ganin bakin Turawa ne a ciki, to ku bar Turawa, ku je Danja ku ga asibitin masu yoyon fitsari da aka buɗe a 2012, ku ga shekarun waɗanda ke kwance. Ku tambayi alƙalai da masu unguwa yawan sakin da ke zuwa gabansu, yarinya ba ta kai ashirin ba ta yi aure biyu tana da goyo. Uban da ya aurar da ita da wuri ba mugu ba ne, sau da yawa baki ɗaya yake ragewa a kan tukunya kuma yana tsoron abin kunya, mun koma kan maganar rumbu ke nan.

Salula fa, ba zan wanke ta ba. Ta kawo caca ta ƙwallo, ta kawo bidiyon banza cikin aljihun yaro ɗan shekara goma sha biyu, ta kashe aure da yawa, ta sa yarinyar Sabon Gari tana auna rayuwarta da ta wata a Dubai. Amma ita ce kuma ke sa manomin Jiratawa ya san kuɗin zogale da tattasai kafin ya ɗauko kaya, ita ke sa tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta ji muryar ɗanta daga Sabha. Kuma a yi mini afuwa, sautukan ƙarya da ke yawo cikin gurup-gurup, na maganin kowace cuta da na zagin malamin wani ɓangare, ba yara kaɗai ke tura su ba, na ga masu furfura da carbi a hannu suna turawa ba su bincika ba.

Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne na san garin nan ya taɓa juya sauyi da hannunsa. A shekarun 1980 jihar nan ta kusa zama fili fetal, iska na binne shuka, mata na tafiyar wuni neman itace. A nan Maradi aka fara dabarar barin tsiron kututture a gona a gyara shi ya zama itace maimakon a sassabe a ƙone, wani ɗan Ostiraliya Tony Rinaudo da manoman ƙauyukanmu suka fara, aka yi musu dariya da farko, yau ana maganar hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a Nijar, gawo da kalgo sun dawo gonaki, ƙasashe na zuwa koyo. Abin da ya sa ta kama shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, zai sara ya sayar ba mai kama shi. Haka tsarin adashe da bashi na Mata Masu Dubara, a jihar nan ƙungiyar CARE ta fara shi da mata a 1991, asusu da ɗan kwano da makulli, yau ana yinsa a ƙasashe da dama na duniya. Duka biyun ba da tsawa aka yi su ba, mutane sun ga abin da za su samu ne suka bi. Yaran nan ma haka suke.

Don haka ga roƙona, Ranka ya daɗe. A kira taro a fada a kan tsadar aure, amma kada a fara da talaka, an sha yin haka ba ta kama ba. A fara da gidajen sarauta da na manyan alhazai da na manyan malamai, su yi alkawari gaban jama'a cewa ga iyakar akwati, ga iyakar kwanakin biki, ba baje lefe, kuma limami ya ƙi zuwa ɗaurin auren da ya karya, ko na waye. In manya goma suka yi haka shekara ɗaya sauran gari zai bi, don kunya ce ke sa mutane kashe kuɗin nan, in kunyar ta juya su ma za su juya.

Masu unguwa da hakimai su tsaya a kan rabon gado, kada a sa hannu a takardar sayar da gona sai an ga matan gidan an ji bakinsu, ga kwamitocin ƙasa nan da dokar karkara ta 1993 ta tanada, a sa su aiki. Wannan ya fi gaggawa yanzu da ake shimfiɗa layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, don tun jirgin bai iso ba masu kuɗi sun fara zagaye gonakin bakin gari, in ba a tsaya ba talaka zai sayar da arha ya koma kallon jirgi.

Alhazai kuma ku dawo da sallama. Duk yaron da ya shiga shagonku a rubuta gaban shaidu, shekara kaza zai yi, ga abin da zai riƙa samu, ga jarin da za a ba shi ranar fita, shugabannin kasuwa su riƙe takardar. Wanda ya ci amana a hukunta shi, wanda ya cika a cika masa. Zakkar da ake rabawa jaka-jaka a ƙofar gida ana turereniya, a tara ta mutum biyar ta tayar da su gaba ɗaya ya fi.

Na ƙarshe, ku kira yaran ku ji bakinsu. Zamanin mulkin Shugaba Kunce akwai ƙungiyar matasa ta Samariya, da duk abin da za a ce a kanta, saurayi ya san yana da sarkin samari da wurin da ake jin maganarsa, ana sa shi aikin gayya ana yaba masa. Yau ba a tuna fadojin samari sai lokacin zaɓe ko in za a cika fili. Kowace unguwa, Bagalam, Mokoyo, Maradawa, Limanci, Zariya, Ali Ɗan Tsoho, Sura Bildi, ta turo samari biyu da 'yan mata biyu, har da 'yan kabu-kabu da zawarawa, ba 'ya'yan manya kaɗai ba, su zauna gabanku ko sau ɗaya a wata uku, a bar su su yi magana har su gama ba a katse su da ku yi mana shiru ba. Za ku ji abin da ba daɗi, amma gara ku ji shi a zaure da ku ji shi a sautin WhatsApp.

Kaka na zuwa, kuma da an gama girbi bukukuwa za su fara, samari kuma za su fara ɗaure jaka. In za a yi taron, a yi shi kafin nan.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naku,
wani talakanku mai shagon kayan moto, Maradi.